Saƙon Goggo a Bakin Tekun Busan

Barking, London
9 ga Yuni

Zuwa ga Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar Goggo? Ki durƙusa ki gaishe min da ita gaisuwar kirki, ba irin taki ta tsaitsaye ba.

Ni lafiya lau, in dai lafiya ce mutum ya tashi da ciwon baya ya wuni da shi. Shekara ashirin da shida ke nan ina tura gadon marasa lafiya a asibitin nan, hawa da sauka, har yau shugabar sashenmu ba ta iya faɗin sunana daidai ba. Amma ba zan ci haƙƙinta ba, ita ce ta tsaya aka ba ni hutun mako biyu a Agusta, lokacin da kowa ke rububinsa.

Dalilin rubutun ke nan. Umrar da nake ta faɗa tun rasuwar matata Humaira, Allah ya nufa bana. Na yi booking, in sha Allahu goma ga Agusta zan tashi. Goggo ce ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, ita ya kamata ta fara ji. Tunda kunnenta ba ya ɗaukar waya, ki karanta mata wannan da ƙarfi, sannan ki zauna ki rubuta duk abin da take so a roƙa mata a gaban Ka'aba. Kada ki rage, kada ki cusa naki a ciki, na san halinki. Ki ɗauki hoton takardar ki turo.

Kin tambayi lafiyar 'yata Na'ima. Tana lafiya, tana aiki.

Taubashinki,
Lawal

Funtuwa
14 ga Yuni

Zuwa ga Baturen Barking,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, ruwa ya sauka, an yi shuka. Ciwon baya kuwa tsufa ne, ka daina ɗora wa asibiti.

Na karanta wa Goggo. Ta yi guɗa, Lawal, guɗa irin ta biki, har Hajiya Anatu maƙwabciyarmu ta leƙo ba mayafi tana tambayar wa ya haihu. Kafin la'asar duk layinmu ya ji cewa ɗan Goggo zai kai saƙonta Ɗakin Allah. Ga saƙon, yadda ta faɗa na rubuta:

Na ɗaya, gwiwarta. Ba gudu take son yi ba, so take ta sa goshinta a ƙasa kamar kowa, ta gaji da sallar kujera. Na biyu, Allah ya ba Abdul-Razak ɗana aiki, ita ta faɗa ba ni na cusa ba. Na uku, damina mai albarka. Na huɗu, rahama ga Kawu mahaifinka da matarka Humaira. Na biyar, ta cika da kalmar shahada. Na shida, Allah ya ba Na'ima miji nagari, ya kuma kawo mata ita ta gan ta kafin ta rufe ido.

Sai zamzam. Ta ce ko cikin kwalbar turare ne, in dai da hannunka ka ɗebo.

Ni dabino kawai nake so, mai laushi, ba irin wanda marowata ke kawowa ba.

Taka,
Hansai

Funtuwa
21 ga Satumba

Lawal,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Kai fa? Don shirun ya fara ba ni tsoro.

Rabona da jin ɗuriyarka tun saƙon da ka turo ta waya ranar sha uku ga Agusta: "Na iso lafiya. Jama'a ba masaka tsinke. Na karanta takardar Goggo duka, ban tsallake ko ɗaya ba." Sau huɗu ta sa na maimaita mata. Washegari da azahar ta ture kujerar sallarta, ta yi sujada a ƙasa, karo na farko cikin shekara biyu. Sai da muka kama ta muka ɗaga, amma ta yi. Matan layi suna ta zuwa kallo kamar an kawo amarya.

Daga nan kuma ɗif. Na kira ba ka ɗauka. Na ce ko gajiyar hanya ce, ko murar da masu dawowa ke kwasowa. Ko kuma tsarabar ce ba ka samu mai zuwa gida ba kake jin nauyi? In wannan ne ka kwantar da hankalinka, na riga na yi maganin abin, kuma ina jin kunyar faɗa. Kullum Goggo sai ta tambayi ruwanta. Da na gaji, na je wurin Hajiya Anatu ta tsiyaya min kofi ɗaya daga na hajjinta, na kai wa Goggo na ce naka ne ya fara isowa, saura na hanya. Ta sha, ta shafa a gwiwa, ta yi ta sa maka albarka har na rasa inda zan sa idona.

Ka rufa min asiri ka turo naka da wuri, in daina kauce wa Hajiya Anatu a hanya.

Hansai

Barking
29 ga Satumba

Hansai,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da kuke lafiya. Jikina lafiya. Takardarki ta kwana takwas a hannuna, kullum sai na ɗauki biro in ajiye.

Ban je Umra ba.

Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki zage ni, bayan nan ki zaga yadda kike so.

Shekara uku muka yi ba ma magana da Na'ima. Aikin koyar da yara Turanci ta samu a wani gari da ake kira Busan, a Koriya ta Kudu. Na ce yarinya ba aure ba za ta tafi bangon duniya ita kaɗai ba. Ta ce ta riga ta sa hannu. A bakin ƙofar flat ɗinmu, tana riƙe da akwati, na ce mata in ta sauka matakalar nan ta manta tana da uba. Ta tsaya ta dube ni, ta sauka. Uwarta ba ta cika shekara a ƙasa ba a lokacin. Duk "tana lafiya, tana aiki" da nake rubuto muku, a bakin wata ƙawarta ta Catford nake tsinta.

A watan Yuli sai ga tikitin jirgi a wayata, da layi biyu. Da Hausa ta rubuta, ita da ko "ina kwana" da Turanci take amsawa: "Baba, hutuna mako biyu ne a Agusta. In ka zo ina nan." Ranakun Umrata ne cif. Na je wurin shugabarmu ko za a ƙara min wani hutun, ta ce sai baɗi. Kwana huɗu ina juya abin, ran na biyar na yi cancel ɗin Umra. Na so in gaya muku. Amma in na ce Koriya zan je, za ku tambayi dalili, dalilin kuma shi ne maganar bakin ƙofa. Sai na yi shiru.

Bakin teku ta kai ni, don nan duk mutanen ƙasar ke tururuwa lokacin zafi. Wurin farko Haeundae suke ce masa. Laimomi jere reras kamar rumfunan kasuwa, mutum ba ya ganin yashi don jama'a, bayanka kuma benaye ne da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu. Na tafi da shirin runtse ido, ina cewa yau zan ga tsiraicin da 'yata ta zaɓa. Hansai, da yawansu sun fi ni rufe jiki. Riga mai dogon hannu suke shiga ruwa da ita, wasu tsofaffin mata har fuska suke rufewa, ba don tsoron Allah ba, don tsoron rana. Ni ne abin kallo, da kaftani da safa da takalmi sau-ciki a cikin yashi. Na'ima ta ce in cire, tsofaffin ƙasar ba takalmi suke tafiya a bakin ruwa, wai yana maganin ciwon jiki. Na ce ni ba tsoho ba ne. Ta ce, "Baba, please." Na cire.

Muna cikin tafiya wasu yara 'yan makarantarsu suka hango ta. Suka sheƙo a guje, suka tsaya cak, suka sunkuya suna gaishe ta. Uwarsu ta zo ita ma ta sunkuya, da ta ji ni ne uban malama sai ta miƙo min yankan kankana da hannu biyu. Shekara ashirin da shida a asibitin nan ba wanda ya taɓa miƙo min ko ruwa da hannu biyu. Albarkacin yarinyar da na kora na samu.

Da azahar ta yi, ina tunanin yadda zan tambayi wurin salla ba tare da ya zama gori ba, sai ta zaro darduma daga jakarta. Tata ce, ta ɗakinta. Wurin goshi ya koɗe, zaren ya fito. Ni kuwa shekara uku ina ba kaina labarin cewa ta bar salla.

Rana ta uku muka je wani bakin tekun, Gwangalli, inda wata doguwar gada ta ratsa ruwan. Da hantsi ne, mutane ba su cika ba tukuna. Takardar Goggo tana aljihuna tun daga London, na buga ta a takarda na ninke, tana ƙona ni. A can alƙibla yamma take, don haka sai na juya wa teku baya, na fuskanci shagunan shayi da otal-otal, na ɗaga hannu na karanta duka shidan. Wallahi na roƙa da gaske. Na'ima tana zaune a gefe ta ce mene ne wannan. Na karanta mata. Da na zo na shida, na miji nagari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai dariyar ta tsaya. Ta ce me ya sa Goggo ta ba ni saƙon addu'a zuwa Koriya. Na ninke takardar. Ta ce, "Goggo thinks you're in Makkah?" Na ce e. Ta kalli ruwa ta ce, da Hausarta mai tuntuɓe, "Wato har yanzu kunya kake ji ka ce wurina ka zo."

Kuma ki ji irin mutumin da taubashinki yake: a ranar, bayan wannan maganar, na zauna na tsara saƙon da na turo miki. Ba ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Sai da na auna kowace kalma don ku fahimce shi yadda kuka fahimta.

Sauran kwanakin ba ta sake tayar da zancen ba. Ta kai ni wani bakin tekun, Songjeong, a jirgin ƙasa mai bin gefen teku, muka ci gasasshen kifi, ta cire min ƙaya kamar yadda ta saba ganin uwarta na yi min. Na shiga ruwa har ƙugu da kaftanina, igiyar ruwa ta kayar da ni, ta yi ta dariya. Na ji daɗi, Hansai. Rabona da jin daɗi haka tun Humaira tana da rai. Wannan ma yana cikin abin da ke ci na.

Saura mafi muni. Da na dawo, kafin Juma'a ta farko, na shiga shagon aski na ce a yi min ƙwal. A masallaci mutane suka ga kaina suka yi ta rungumata, Allah ya karɓa, Allah ya maimaita. Malam Nuruddeen, dattijon da muke sahu ɗaya, ya kama hannuna ya ce in yi masa addu'a tun ban huce ba. Na yi masa. Daga nan na hau bas zuwa Green Street na sayi ruwan da aka rubuta zamzam a jikinsa, da dabino mai laushi, na zo na ɗora su a kan firji. Suna nan. Na kasa aikowa, na kasa sha.

Ki karanta wa Goggo wannan takardar, duka.

Lawal

Funtuwa
1 ga Oktoba

Lawal,

Muna lafiya. Yau ba wasa a bakina.

Ba zan karanta mata ba. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da huɗu. Kullum yanzu sai ta sa goshi a ƙasa ta ce addu'ar ɗanta ce a gaban Ka'aba. Ta faɗa wa matan layi, ta faɗa wa mai kawo mana nono, ta faɗa wa liman. Kana so in je in tsaya a kanta in ce ashe a gaban shagon shayi aka yi, ana gamawa aka tafi cin kifi? Da wane ido za ta dubi Hajiya Anatu? Ni kuma fa, da kofina?

Na karanta takardarka sau uku. Abin da na gani shi ne kayan ya yi maka nauyi, kana neman kan da za ka sauke shi, ka ga na tsohuwa ya fi kusa. Kai ka huta, ita ta ɗauka. Wannan ba gaskiya ba ce, son kai ne da ya yi alwala.

Ka aiko ruwan kan firjin. Baɗi ka je Umrarka ka sake karanta takardar, shi ke nan magana ta mutu tsakanina da kai. Allahn da ke ji a Makka ai yana ji a bakin teku.

Maganar Na'ima kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Yarinyar da ba uwa. Haba Lawal.

Hansai

Barking
6 ga Oktoba

Hansai,

Gaisuwa, da fatan an tashi lafiya.

Kin yi gaskiya, ina son in huta. Ban musa ba. In da ni kaɗai ne, da na bi shawararki, don na iya shiru, kin gani.

Amma Na'ima ta kira ni jiya. Addu'a ta shida ta tsaya mata a rai, ba ta mijin ba, ta ganin Goggo. Tana da hutu a Disamba kuma tana son zuwa Funtuwa. Ki duba yadda za a yi. Za ta zauna a gaban Goggo, Goggo ta ce yaushe rabonki da babanki. Ko dai ta ce Agusta, a bakin teku, ko kuma in kira ta tun yanzu in ce, 'yata, ki taimaka ki ɓoye cewa na zo wurinki. Na kore ta sau ɗaya a bakin ƙofa. In na roƙe ta wannan, na sake korarta ke nan, kuma wannan karon ba na jin za ta sake turo tikiti.

Ki karanta. Maganar kofi ki ce ni na sa ki. Ƙari ɗaya ba zai canja min komai ba.

Lawal

Funtuwa
19 ga Oktoba

Lawal,

Sallama. Kowa lafiya, Goggo ma lafiya, ka fara jin wannan.

Kwana goma ina ɗauka ina ajiyewa. Ran Laraba da safe, bayan ta sha koko, na karanta mata. Ban rage ba. Na kofin ma na faɗa da bakina, ban ce kai ka sa ni ba, ƙaryarka ta ishe ka.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Wurin aski ta ce "Ikon Allah." Wuri ɗaya kawai ta sa na koma: maganar bakin ƙofa. Sau biyu na karanta mata. Sannan ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa:

"Ruwan Anatu ma zamzam ne, na sha, na gode mata. Addu'a kuwa ba ni ke karɓa ba, ba kai ke karɓa ba, wanda ke karɓa ya san inda aka yi. Amma jikata shekara uku a ƙasar da ba ta da kowa, ba uwa, uban ya ce ta manta da shi, ni ina nan ina tambaya ana ce min tana lafiya tana aiki. Da na sani ko muryata ce da na aika mata. Wannan ka hana ni, kuma ba ni da wasu shekara ukun da zan rama."

Da yamma ta sa aka kira Hajiya Anatu da mata biyu, ta gaya musu da bakinta cewa ɗanta bai je Makka ba, bakin teku ya je wurin 'yarsa, kowa ya gyara labarin da ta ba shi. Ni na shige ɗaki na kasa fitowa. Ita ko a jikinta. Sujada kuma tana yi, wata rana gwiwar ta yarda, wata rana ta ƙi.

Ga hukuncinta. Ka turo lambar Na'ima yau. Kai kuwa, ta ce kada ka rubuto mata, kada ka aiko gaisuwa, kada ka aiko komai, sai ran da ta neme ka. Na ce Goggo har yaushe. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ba ta taɓa fushi da kai ba balle ta san tsawonsa.

Ka yi haƙuri, ɗan Kawu.

Hansai

Barking
27 ga Oktoba

Hansai,

Na gode. Na sa ki a tsaka mai wuya, kin kuma fi ni ƙarfin hali. Ki yafe min.

Ran Juma'a na tsayar da Malam Nuruddeen a wurin ajiye takalma na gaya masa. Ya dube ni, ya dubi kaina da gashi ya fara tsirowa, ya ce, "To, Malam Lawal," ya ɗauki takalminsa ya tafi. Ya isa, kafin wata Juma'ar kowa zai ji.

Na san kin riga ni sani, tunda ke kika riƙe wayar a kunnenta, amma Na'ima ta ce sun yi kusan awa guda da Goggo. Ita da Hausar da ba ta kai cikin cokali ba, Goggo da kunnen da ba ya ji, ban san yadda suka yi ba. Na ce me ta ce miki. Ta ce, "Tsakaninmu ne, Baba." Kada ke ma ki gaya min.

Za ta zo Disamba. Jirginta ta London zai biyo, ta yi kwana biyu a nan, a ɗakinta, na fara kwashe tarkacen da na jibge a ciki. Ta tambayi Goggo ko mu taho tare, Goggo ta ce ita kaɗai. Zan raka ta filin jirgi in ɗaukar mata akwati, in hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in dawo.

Yarinyar ba ta cin yaji sosai, kuma tana jin kunyar cewa ba ta gane magana ba, sai ta yi ta murmushi. Ku riƙa maimaita mata a hankali.

Ki gaida maigidan da yara. Goggo ban ce ki gaishe ta ba, tunda ta hana. In ta tambaya, ki ce ina nan.

Taubashinki,
Lawal